Ƙudan Zuma da Kaskon Rake

Akwai wani mutum mai kiwon zuma, yana da amya bakwai a kan itatuwan ɗorawa a bayan gari. Da zumar nan yake ciyar da gidansa shekara da shekaru.

Ƙudan zuma suna da wata al'ada. In ɗaya ya sami abinci, sai ya koma amya ya yi rawa a gaban 'yan'uwansa, yana karkaɗa jiki. Da rawar yake nuna musu inda za su dosa da nisan tafiyar. In abin da ya samo ya cika zaƙi, rawar takan yi ƙarfi. Sauran ba su ga wurin ba, rawar kawai suke bi.

Wata shekara da rani, wani manomi ya kafa injin matse rake kusa da itatuwan, yana dafa ruwan a babban kasko, yana yin mazarƙwaila. Ƙudan zuman suka gano wurin. A dā sai sun zaga furanni masu yawa kafin cikinsu ya cika. Yanzu sauka ɗaya a bakin kasko ta isa. Suka bar furen mangwaro da na kaɗanya, suka koma can.

Bayan kwana uku manomin ya zo wurin mai zuma. Ya ce, “Baba, ƙudanka suna faɗa mini a kasko. Tururi ke kayar da su. Da ludayi nake kwashe su tare da kumfa. Ka matsar da amyoyinka nesa har in gama aiki.”

Mai zuma ya yi dariya, ya ce, “Ɗana, har ƙuda kake yi wa rowa? Rake nawa za su sha maka? Je ka tsaya gindin ɗorawa ka gani, tunda nake ban taɓa ganin sun dawo da nauyi haka ba.”

Manomin ya ce, “Kai waɗanda suka dawo kake gani, Baba. Ni sauran nake gani.” Ya koma bakin aikinsa.

Kowace safiya ƙudan sukan fita. Waɗansu su lasa a gefen kasko, su koma gida su yi rawa mai ƙarfi. Waɗansu su faɗa ciki. Wanda ya faɗa bai taɓa komawa ya ba da labari ba, saboda haka a cikin amya ba a san komai game da kaskon ba sai zaƙinsa.

Da lokacin ɗiban zuma ya yi, mutumin ya hau itace, ya buɗe amya ta fari, ya tarar da saƙa a bushe, 'ya'yan ƙudan sun mutu ba mai ciyar da su. Ya buɗe ta biyu, haka. A cikin bakwai, ɗaya ce kaɗai ke da motsi. Ya sauko da ƙwarya wayam.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: furanni su ne aikin gaskiya da Ubangiji ya ba kowa, mai nisa, mai gajiya, samunsa kaɗan-kaɗan. Kasko shi ne zaƙin da ke zuwa ba wahala. Wanda ya ci caca shi ke zagaya gari da sabon babur. Wanda ya ha'inci maigidansa bai shiga hannu ba shi ke ba matasa shawara a dandali. Ba lalle ƙarya suke yi ba, sun lasa, sun ji daɗi. Amma rabin labari ne, gama masu sauran rabin suna kurkuku, ko sun ɓuya don kunya, ko suna kabari.

Mai zuma kuwa mu ne, iyaye da dattawan ikkilisiya, sa'ad da muke murna da abin da 'ya'yanmu suka shigo da shi, ba mu tambayi inda suka samo ba. An gargaɗi mai zuman a kan lokaci, ya ɗauki gargaɗin hassada.

Saboda haka in wani ya nuna maka hanya yana yabonta, kada ka tsaya ga abin da ya kawo. Tambaye shi su nawa suka tafi tare, kuma ina sauran.