Ƙwan Kazar Tsahara

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu ƙudundune cikin zane!

Ta zo mu ji ta, Kaka, ko ma ji ɗumi!

To ku matso. Wata tsohuwa ce ana ce mata Tsahara, da mijinta Barmo. Shi Barmo haƙoransa duk sun zube, ko dafaffiyar gyaɗa sai ya yi ta mamula. Dukiyarsu kaza ɗaya ce tak, fingi, mai gashin nan a hargitse kamar ta yi faɗa da iska. Kullum safiya sai ta yi ƙwai ɗaya, Tsahara ta dafa, ta ɓare, ta miƙa wa Barmo. Ita kuwa ko gishirin ba ta taɓa lasa ba.

Sai hunturu ya shigo da sanyi mai ratsa ƙashi. Sai kaza ta ɗauke ƙwai ɗif.

Barmo ya ce, "Tsahara, ina ƙwaina?"

Ta ce, "Malam, yau babu."

Ya ce, "Tsufa ta yi ke nan. Ranar Juma'a in yanka ta mu sha romo."

Wayyo, hankalin Tsahara ya tashi, don a hannunta kazar nan ta girma tun tana 'yar tsako.

Rana ta farko ta ce, "Gidan maƙwabta take kai mana ƙwan." Sai ta yini tana bin ta a baya. Kaza ba ta je ko'ina ba, sai gindin murhu, ta kwanta cikin toka.

Rana ta biyu ta ce, "To baki ne ya kama ta." Sai ta ɗaura mata 'yar laya a ƙafa. Kaza ta yini tana tsattsagar layar, ƙwai dai shiru.

Rana ta uku dabara ta ƙare. Sai ta tsuguna bakin akurki ta ce, "Fingi, me na yi miki? Jibi fa wuƙa."

Kaza ta ce, "Iya, ba ki yi mini komai ba, ɗari nake ji. Dubi gashina, ina abin rufa a nan? Tsabar da kike watsa mini duk a ɗumama jiki take ƙarewa, ba ta kaiwa ga ƙwai. Rana ba ta daɗewa, kafin in cika ciki duhu ya yi. Ga akurkin nan duk huda, iska na shiga ta ko'ina."

Tsahara ta ce, "Ayya, 'yar nan! Kwana uku ina zargin maƙwabta, ban tambaye ki ba."

Sai ta kwaɓa laka ta toshe hudojin. Ta kifa tsohuwar tukunya da karmami a kan suri, ta samo mata gara. Ta dama mata dusa da ruwan ɗumi. Sannan ta ɗauko gwadonta, shi ke nan mata abin rufa a duniya, ta lulluɓe akurki da shi.

Juma'a da safe Barmo ya wasa wuƙa, ya nufi akurki. Sai ya tsaya cak. Ya gane gwadon, shi ya saƙa mata shi da hannunsa shekarar aurensu. Ya waiwaya, ga Tsahara a bakin murhu da zane ɗaya, tana rawar ɗari.

Ya ce, "Da me kike rufa kwana biyun nan?"

Sai ta kau da kai, ta ci gaba da hura wuta.

Ya leƙa akurki, babu ƙwai. Ya daɗe a tsaye, kunya ta kama shi. Sai ya mai da wuƙa kube, ya cire bargonsa ya yafa wa Tsahara, ya ce, "A bar wa kazar gwadon. Wannan ya ishe mu."

Bayan kwana bakwai sai suka ji "kwat-kwat-kwat!" Kai, ku ga tsoho da gudu! Ya ɗauko ƙwan da ɗuminsa, ya dafa da kansa, har ya ƙone yatsa wajen ɓarewa.

Tsahara ta ce, "Kawo in sa maka gishiri, Malam."

Ya ce, "A'a. Wannan naki ne. Buɗe baki."

Ta ci, tana tauna tana share ido da gefen bargo. Ta ce, "Ashe haka yake da daɗi."

Ƙurunƙus kan kusu, kusun ma ya shige rami saboda sanyi. In abin da ya saba ba ku ya daina, ku fara duba halin da yake ciki kafin ku nemi wuƙa. Kai mai gyangyaɗi, tashi ka duba ko an rufe kajin nan.