Kumandan, Karen Garkar Markus

A shekarun farko da Nijar ta samu mulkin kai, an yi wani mutum a Gudel, can bakin kogi yamma da Yamai, sunansa Markus. Mutumin Dogon Dutsi ne, Kirista, ya daɗe yana tuƙa wa wani anasara masanin noma mota. Ba rago ba ne, ba ya shaye-shaye, bai taɓa ɗaukar kayan kowa ba. Aibinsa guda ne, amma babba: yana son a ji tsoronsa. In ya wuce yara ba su watse ba, ranar sai ya yini ransa a ɓace. Kuma in ya ƙudura abu a zuciyarsa, duk mai ba shi shawara ɓata yawunsa kawai yake yi.

Da anasaran nan zai koma ƙasarsu, sai ya bar wa Markus garkarsa ta bakin kogi, inda ake shuka salati da karoti da tumatir. Ya kuma miƙa masa wani ɗan kwikwiyo, ɗan karyarsa, irin manyan karnukan nan masu tsayayyun kunnuwa. Gaskiya garkar tana bukatar mai tsaro, domin awaki na kutsawa ta shinge, masu dogon hannu ma ba su bar ta ba. Markus ya kawo kwikwiyon gida a cikin kwando, ya raɗa masa suna Kumandan. Mutanen unguwa suka yi ta dariya, suna cewa an samu kumandan na mulkin anasara ya tafi, Markus ya naɗa wani.

Matarsa Saratu 'yar maharbi ce, cikin karnuka ta tashi. Tana ganin kwikwiyon ta ɗauke shi, ta dama masa kunu mai ruwa-ruwa da ɗan madara, ta cire masa kaska a kunne, ta shimfiɗa masa tsohon buhu a inuwar rumfa. Ba a yi nisa ba ya soma bin ta duk inda ta sa ƙafa. In tana daka yana kwance kusa da turmi, in 'yarsu Rut ta dawo daga lakwal, wato makaranta, shi ke fara tarbarta a ƙofa.

Wannan ne ya ƙona wa Markus rai. Ya ce, "Ke, kina lalata mini kare. Mai gadi nika so, ba ɗan goyo ba."

Saratu ta ce, "Baban Rut, kwikwiyo jinjiri ne. Ci kaɗan-kaɗan shika so, sau da yawa, da ruwa cikin inuwa. Ka bari shi shinshina kowa na gidanga, shi san nashi. Tsaro a jininshi yake, in ya girma zai yi. Amma ka fara koya mishi zo, ka koya mishi zamna, ka koya mishi bari. Babana bai taɓa sakin kare ga zomo ba sai ya tabbata in ya ce bari, zai bari."

Markus ya yi tsaki. "Karnukan babanki na ƙauye, masu bin zomo? Wanga karen anasara ne. Ranar da ka koya ma kare bari, ranar ka kashe mishi zuciya. Kama kaɗai nika so shi sani."

Washegari ya ɗauke Kumandan ya kai shi garka. Akwai wata busasshiyar giginya a tsakiyar garkar, doguwa, ba ganye ba inuwa. A gindinta ya ɗaure shi da sarƙa. Ya hana Saratu da Rut zuwa wurin. Kwikwiyon ya yi ta kuka har muryarsa ta dishe, Saratu na jiyo shi daga gida tana share hawaye da bakin zane.

Tarbiyyar Markus kuwa, Allah ya raba mu da irinta. Abinci sau ɗaya, shi ma ba ya isa, wai yunwa ke sa kare zafi. Ruwa sai in ya tuna. In wani ya gifta ta bayan shinge, Markus ya daka tsawa ya nuna shi da hannu, in karen ya zabura ya jefa masa ƙashi, in ya yi sanyi ya sha bulala. In yana so ya tsayar da shi, ba ya cewa komai, sarƙar yake fizga har karen ya faɗi. Da haka Kumandan ya gane abu guda a duniya: in maigidansa ya ɗaga murya, to akwai wanda za a kama.

Sai kuma wata dabara ta faɗo masa. Ya ji ana cewa ɓarayi kan jefa wa kare nama mai guba, don haka ya yi niyyar hana Kumandan cin abin hannun kowa. Wata rana ya zo wa Saratu da fara'a, da tsokar nama a ganye.

Ya ce, "Kin daɗe ba ki ga ɗanki ba. Tashi mu tahi, ki ba shi da hannunki."

Saratu ta yi murna, ta ɗauka mijinta ya sauko. Da Kumandan ya hango ta a bakin shinge, sai ya kwantar da kunnuwa yana kaɗa wutsiya, yana wani ɗan kuka irin na da. Ya rame, haƙarƙarinsa duk a waje, wuyansa ya goge da sarƙa. Ta kira sunansa ta jefa masa naman, ya cafe ya haɗiye rabi. Ashe Markus ya tsaga tsokar ya cusa mata dakakken barkono. Karen ya yi ta birgima yana goga baki a ƙasa, yana kakari, ga kwanon ruwansa a bushe.

Saratu ta juyo ta fuskanci Markus. "Mi ka sa ciki? Baban Rut, ka sa na ci amanatai! Ni kaɗai ya yarda da ni, shi ya sa ka biyo ta hannuna?"

Markus ya ce, "Shi ya sa mana. In ya ƙi naki, na wa zai karɓa?"

Daga ranar Kumandan bai sake kaɗa wa Saratu wutsiya ba. In ya ji ƙamshinta ma sai ya yi gurnani.

Karen ya girma ya zama abin tsoro. Awaki suka daina zuwa, ɓarayi suka daina, haka ma maƙwabta. Zailani masunci, wanda da yakan biyo ta garkar ya sha ruwa su yi hira, ya koma zagayawa ta nesa. Mata masu sayen salati suka koma tsayawa a hanya suna ƙwala kira. Markus kuwa sai fahariya, a bakin coci ma zancensa ke nan, cewa ko matarsa ba ta isa ta taka garkarsa ba. Yana faɗa yana dariya, kamar wani abin kirki ya yi.

Ana nan, sai ya so ya ƙara ɗaki a gidansa, ya ga busasshiyar giginyar nan za ta yi azara. Sarar giginya ba aikin mutum ɗaya ba ne, kowa ya sani. Amma wa zai shigo ya taya shi? Wata Asabar da hantsi ya ɗauki gatari, ya kwance Kumandan daga gindin itacen ya sake shi cikin garka, ya ja ƙyauren shinge ya rufe. Ya yi ta sara. Cikin giginyar ya riga ya ruɓe ta gefe guda, bai lura ba. Maimakon ta faɗi inda ya nufa, sai ta murɗa ta biyo shi. Ya yi tsalle, santsin fangalin da ya ba ruwa da safe ya kwashe shi, gungumen ya sauka a ƙafarsa ta dama, ƙasa da gwiwa, ya danne.

Ihunsa har gida. Saratu ta fito da gudu ba ko ɗankwali, Zailani da sauran masunta suka bar taru suka sheƙo. Abin da ake bukata ba wuya: maza huɗu ko biyar su ɗaga gungume, a ja shi, a kai shi asibiti. Ga mazan nan tsaye, sun fi goma. Amma tsakaninsu da Markus akwai Kumandan.

Markus ya ɗaga murya, "Ku shigo! Ku ɗaga mini!" Karen na jin tsawar maigidansa sai ya yi abin da ya sani, ya taso wa shingen da haƙora a waje. Markus ya ce, "Kumandan, bari! Bari mana!" Kalmar da bai taɓa ji daga bakinsa ba ke nan. Duk ihun da Markus ya ƙara, haukan karen ƙaruwa yake.

Zailani ya yi ta maza, ya ɗauki sanda ya tura ƙyaure. Bai yi taku uku ba karen ya kayar da shi, ya kafa masa haƙora a dantse. Da ƙyar aka jawo shi waje jini na zuba.

Saratu ta ruga gida ta kwaso naman miyar ranar gaba ɗaya. Ta zaga can ƙarshen shinge don ta janye karen nesa, ta tausasa murya kamar lokacin yana kwikwiyo. "Kumandan, zo. Zo ɗana, zo ka ci." Ta jefa. Karen nan da yunwa ta ƙwaƙule, ya zo ya shinshina naman, ya ɗaga kai ya dube ta, ya juya ya koma wurin maigidansa. Saratu ta durƙusa a wurin ta fashe da kuka.

Masunta suka ce to ba makawa, a ɗauko mashi a kashe karen. Nan ma girman kan Markus bai bar shi ba. Yana kwance ƙarƙashin gungume yana cewa, "Kada wanda ya taɓa mini kare! Babu irinshi duk Yamai! Ku yi dabara dai!" Mutane suka dubi juna. Ga hannun Zailani a yage, ga mai kare yana kare karensa. Wasu suka yi zuciya suka koma bakin kogi.

Rana ta take. Muryar Markus ta soma shaƙewa, ƙafar da ke masa zafi ta daina zafi, ya daina jin ta sam. Da ya ga haka sai tsoro ya kama shi, ya ce a kashe. Amma a lokacin Kumandan ya koma ya kwanta a jikinsa, yana lasar gumin fuskarsa, yana kare shi daga mutanen da yake zaton su ne suka cuce shi. Ba wanda zai jefa mashi bai sami Markus ba.

Saratu ce ta aika a nemo Mumuni, wani tsohon soja mai bindiga. Aka tarar ya shiga kasuwa cikin Yamai, sai da aka bi shi can. Bai iso ba sai bayan la'asar. Ya sa aka girgiza shinge, karen ya taso kamar yadda aka koya masa, Mumuni ya harbe shi a ƙirji. Kumandan bai mutu nan take ba. Ya ja jiki ya koma wajen Markus, ya ɗora kai a kafaɗarsa, sannan ya daina motsi.

Ɗaga gungumen bai ɗauki lokacin shan ruwa ba. Aka sa Markus a amalanke zuwa bakin hanya, aka samu mota. Likitan da ya duba shi ya girgiza kai, ya ce karayar ba wani abu ba ce, da an kawo shi da hantsi da ɗauri kawai za a yi. Amma jini ya daɗe bai sauka ba, ƙafar ta riga ta mutu. Aka yanke ta.

Da ya farfaɗo, Saratu na zaune a gefen gado. Ya daɗe yana kallon inda zane ya kwanta babu ƙafa a ƙarƙashinsa. Can ya ce, "Karen banza. Na ciyar da shi, ya kashe ni."

Saratu ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "A'a, Baban Rut. Ni na bizne shi da hannuna, ba ni bari ka zage shi. Ka ce kada shi bar kowa shi shigo, bai bari ba. Ka ce kada shi ci na hannuna, bai ci ba. Duk Gudel babu wanda ya taɓa bin maganarka kamar karen nan."

Markus ya juya fuska bango.

Bai sake tuƙa mota ba, bai sake ɗaukar bokitin ban ruwa ba. Saratu da Rut ne suka riƙe ɗan abin da suka iya na garkar. Zailani ya warke, amma hannun bai koma jefa taru kamar da ba, kuma bai sake taka gidan ba. Markus ya ƙare kwanakinsa zaune a ƙofar gida da sandarsa, yara na wasa a gabansa har suna watsa masa ƙasa, babu mai ko waiwayensa.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Kare amana ne, kuma abin da ka zuba masa yana ƙarami shi zai mayar maka yana babba, ba ƙari ba ragi. In ka ɗauki kwikwiyo, ka ciyar da shi a kan lokaci, ka ba shi ruwa da inuwa, ka bar shi ya san mutanen gidanka, kada ka yaudare shi da abinci, kada ka hore shi da yunwa da duka. Kafin ka koya masa kama, ka tabbata ka koya masa bari. Kuma ka saurari wanda ya fi ka sanin abu, ko da matarka ce. Wanda ya kori kowa daga jikinsa don a ji tsoronsa, ranar da ya faɗi zai ga mutane tsaye a bayan shinge, suna son su ɗaga shi, babu hanyar shiga.