Lambatun Mayanka da Tukunyar Turai

Akwai wata mata mai suna Turai da ke sayar da shinkafa da wake a wata kasuwar ƙauye kusa da Yako. Da wannan tukunya take ciyar da marayunta. Matsalarta ɗaya: rumfarta na bayan mayanka.

Duk ranar kasuwa, jini da ƙazantar tumbin shanu sai su kwanta a gefenta. Wari kamar ya tsaga hanci. Ƙudaje su tashi daga can su sauka a kan faranti.

Sarkin fawa ya kira Ubale birkila. Ko kallon wurin bai gama ba ya ce, "Lambatu za a ja, shi ke nan."

Turai ta ce, "Malam Ubale, idan ya toshe fa?"

Ya watsa mata harara. "Ni ba a yi mini tambaya a kan aikina. Je ki ji da wakenki."

Haka ya ja lambatunsa. Damina na sauka lambatun ya toshe. Abin ya ruɓe, tsutsotsi suka yi ta mutsu-mutsu har gindin murhunta. Wani direba ya kai loma baki, ya hango su, ya tofar ya tashi. Ranar haka ta koma gida da abincinta, tana kuka.

Aka kira wani birkilan, Inuwa. Shi kuma ya zo hannu rabbana, ya tara mahauta da Turai, ya hau tambaya. Haushi ya kama ta. Ana cikin wari, mutum ya zo hira!

"Yaya Turai, me ke toshe lambatun?"

"Ƙazantar tumbi mana!"

"Wa ya ce dole ta bi ruwa?"

Inuwa ya sake jefo wata tambayar.

"To, a duk ƙasar nan, akwai wanda zai so wannan abin?"

Ta yamutsa fuska. "Wa zai so wannan ƙazan..." Sai ta tsaya. Ta tuna yayanta na ƙauyen Ba'awa, yadda yake lallashin makiyaya su kwana da shanu a gonarsa.

"Manoma!" ta ce. "Ai taki ne!"

Nan fa baki ya buɗe. Wani mahauci ya ce a yi rami daban mai murfi. Wani ya ce bakin ramin ya kalli hanya, nesa da rumfuna, don baro ya shiga. Lambatu kuwa a bar wa ruwa kaɗai. Inuwa dai tambaya yake ƙarawa, suna amsawa. Abin da suka faɗa shi ya gina.

Wari ya tafi, masu cin abinci suka dawo. Sarkin fawa ya ɗora Turai a kan rabon takin, tunda daga bakinta dabarar ta fito.

Wata safiya sai ga Ubale a layin karɓar taki da baronsa, masararsa ta yi rawaya. Yana ta sunkuyar da kai.

Turai ta sa aka cika masa baron. Sannan ta ce, "Malam Ubale, yau an yarda in yi tambaya?"

Ya ce a hankali, "Yi goma ma, Yaya."

Darasi: Wanda ya hana a yi masa tambaya, ya toshe wa kansa dabara, kuma wasu ne ke shaƙar warin girman kansa. Kafin ka ɗauki cebur, tambayi masu zama da matsalar. Ku tura wa duk wani mai sana'a da kuka sani.