Igiyar da Burgu Ya Sayo wa Gari

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Iya.

To ku matso ku naɗe ƙafa. Hajo, cire hannunki daga kwanon gyaɗar nan, ta sayarwa ce.

An yi wani gari a zamanin da, lokacin da mutum da dabba suke zaune unguwa ɗaya, suna gaisawa da safe, suna ɗibar garwashi a gidan juna. Garin rijiya ɗaya gare shi, a gindin wata tsamiya. Ruwanta kuwa, ku da kuka tashi da ruwan jarka ba za ku gane ba. Ga sanyi kamar ya kwana a sabuwar randa, ga garɗi. Baƙo in ya sha sai ya tambayi ko akwai gidan haya.

Kowace shekara in rani ya yi nisa, sai a yi gayyar yashe ta. Tun da safe ganga za ta tashi. Maza su shiga ciki da fartanya da ƙwarya, samari su ja igiya, Raƙumi da Jaki su kwashe laka. Mata kuma mu... su dai mata, su dama kunun tsamiya a manyan tukwane, kowace ta zo da geronta a gefen zane. Ana waƙa, ana tsokanar juna, taubasai suna shafa wa juna taɓo a fuska. Kafin la'asar idon ruwa ya buɗe, kowa ya koma gida a gajiye yana dariya. Ba mai tambayar me wani ya kawo.

A garin akwai wata mata, Tasalla mai daddawa. Mijinta ya rasu ya bar mata tukwane da tsayayyen baki. Ba ta roƙon kowa. In ta je sayen kalwa, sai ta cusa hannu har gindin buhu ta ga abin da aka ɓoye a ƙasa kafin ta taya. Sana'arta kuwa ruwa take ci: a dafa kalwa, a wanke, a sake wankewa. Ranar da rijiya ta ƙi, ranar babu daddawa, babu tuwo a gidan Tasalla.

Ana nan ana nan, wata shekara bayan an gama gayya, mutane na zaune suna matsa ƙafa, sai ga Burgu. Siriri ne a lokacin, rigarsa ɗaya. Ya zo da Hankaka yana yi masa kirari.

Burgu ya durƙusa gaban Maigari ya ce, “Ranka ya daɗe, tausayin jama'a ne ya hana ni barci. Dattawa da furfura suna shiga rami? Ni tono gadona ne, ubana a rami aka haife shi. Ku ɗora ni a kan rijiyar nan. In kaka ta yi, kowane gida ya ba da mudu ɗaya na gero, shi ke nan. Ku kwanta ku huta, ruwa ya same ku.”

Hankaka ya ce, “Gaskiya ne. Na kowa, mai jin kukan talaka.”

Mutane suka duba bayansu da ke ciwo, suka duba Burgu. Maigari ya ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Hannaye suka tashi, kofatai suka tashi. Tasalla ma ta ɗaga, don ita ma ƙugunta ya gaji da tuƙin kunu. Aka naɗa Burgu Wakilin Rijiya.

Kaka ta yi, aka auna masa gero. Rani ya yi, ganga ta tashi, aka ce kowa ya zo ya ga aiki. Da aka je, sai ga rumfa an kafa a kan rijiya, da sabuwar zana har da tuntaye.

Tasalla ta zura guga, ruwa ya fito da ɗan duhu. Ta ce, “Malam Burgu, na ga rumfa. Ina yasa?”

Ya ce, “Inna Tasalla, ai ba a fara tono cikin rana. Ki ƙara haƙuri, aiki na tafiya.”

Hankaka ya ce, “Aiki na tafiya.”

Da wata kakar ta zagayo, Burgu ya ce kaya sun yi tsada, mudu ba ya isa, sai ƙwarya. Aka ba shi. Ya ɗaura sirdi ya tafi garuruwa masu nisa, wai zai gano yadda suke yashe tasu rijiyar. Ya dawo da babbar riga da jar dara, wuyansa ya yi kauri. Ya sa aka zagaye rijiya da katanga, aka shafe ta da farar ƙasa, aka yi mata ƙofa, aka ba ƙanen matarsa gadi.

Tasalla ta zura guga, rabinsa ruwa rabinsa laka. Ta ce, “Malam Burgu, na ga katanga. Ina yasa?”

Ya ce, “Inna Tasalla, ai ba a tono a fili, awaki su faɗa. Ki ƙara haƙuri, aiki na tafiya.”

Hankaka ya ce, “Aiki na tafiya.”

Za ku ce me ya hana su shiga su yashe abinsu? Ai sun biya. Wanda ya biya ba ya son ya sake yi da hannunsa. Ga ƙofa da mai gadi. Tsofaffin da suka san cikin rijiyar kuma ƙarfinsu ya tafi, samari ba su taɓa shiga ba.

Kaka ta uku Burgu ya ce dami zai karɓa, don zai sayo igiyar da ba a taɓa ganin irinta ba. Aka yi gunaguni a zaure, aka yi a bakin murhu, amma aka ba shi. A bazarar nan rijiya ta ƙafe, sai ɗan taɓo a ƙasa. Tasalla ta kife tukwanenta. Kalwar da ta saya da tsada tana jibge a ɗaki, ƙwari sun fara shiga. Ita da ba ta taɓa zuwa ƙofar wani da ƙoƙo ba, sai ga ta tana tafiya gari na gaba da tulu, tana jira matan can su gama, suna kallonta a kaikaice. Wannan kallon ya fi ƙishirwar ci mata rai.

Sai ganga ta tashi. Aka ce kowa ya zo bikin sabuwar igiya.

Aka taru a gindin tsamiya, leɓuna a bushe. Burgu ya iso ana riƙe masa lema, tumbinsa na gaba yana biye. Aka warware igiya a kan tabarma, shuɗiya shar, tana ƙyalli.

Hankaka ya ce, “Daga bakin teku aka kawo ta. Giwa ma za ta ɗauka.”

Tasalla ta matso ta tsuguna, ta kama igiyar yadda take kama kaya a kasuwa. Ta murɗa ta a hannu. Shuni ya ɓata mata tafi, wani ɗan gari ya zubo daga ciki. Tsohuwar igiyar rama ce da gara ta ci, aka tsoma ta a marina. Ta goge hannu a zane ta juya wajen Maigari.

Ta ce, “Ranka ya daɗe, ka girme ni, ka gyara mini in na yi kuskure. A zamanin iyayenmu, wanda ya kawo wa rijiya sabuwar igiya, ba shi ake fara ɗaura wa a ƙugu a zura ba?”

Maigari ya shafa gemu ya ce, “Haka ne, Tasalla. Ubana ma an zura shi.”

Burgu ya yi wata 'yar dariya ya ce, “Ai rigar nan ba ta shiga rami ba ce.”

Tasalla ta ce, “Tuɓe, ni zan riƙe maka.”

Ya ce, “Bayana kuma yana ɗan taɓa ni kwanan nan.”

Ta ce, “Zura ka za a yi, ba ɗaukar kaya za ka yi ba.”

Ya ce, “To ga Hankaka, ya wakilce ni.”

Aka waiwaya, Hankaka yana can ƙolin tsamiya yana gyara fiffike, kamar bai taɓa ganin Burgu ba.

Jaki ya ce, “Ranka ya daɗe, me ake tsoro? Giwa ma za ta ɗauka, yanzu muka ji.”

Aka tuɓe masa riga, aka ɗaura masa igiya. Yana ta kallon mutane, mutane suna kallon ƙasa. Aka fara zurawa. Bai kai rabi ba igiya ta ce ɓat. Sai ƙarar faɗuwa aka ji, tim, cikin taɓo.

Can sai murya ta taso daga ƙasa, “Jama'a, ku taimaka. Ban karye ba, amma ku taimaka.”

Tasalla ta jawo turmi ta kife a bakin rijiya, ta zauna, ta gyara ɗaurin kallabi. Ta leƙa ta ce, “Malam Burgu, ka ƙara haƙuri. Ga fartanya nan da guga za mu sauko maka. Ka ce tono gadonka ne.”

Ya ce, “Inna, ku fitar da ni tukuna, gobe in kawo ma'aikata.”

Ta ce, “Ba na ciniki da gobe. Taya.”

Ya ce, “In tona har ruwa ya rufe mini idon sawu.”

Ta ce, “Albarka.”

“Har gwiwa.”

“Albarka.”

“Inna, ki ji tsoron Allah. Har ƙugu.”

“Albarka. Dami ka karɓa, ba mudu ba.”

Ya ce, “Har wuya.”

Ta ce, “Na sallama. Saura gyara. Ina geron gari?”

Ya ce wani sashe ya tafi a rumfa, wani a katanga. Ta ɗaga fartanyar kamar za ta tafi da ita gida. Sai ya ce a duba ƙarƙashin gadonsa. Aka je aka tona. Abin da aka samu bai taka kara ya karya ba, saura ya zama riga, ya zama tumbi, ya zama gida a wani gari.

Kowane gida ya kwanto igiyar akuyarsa, aka ƙulla, aka zura masa guga. Burgu ya yi ta tono, samari na jan laka, Tasalla na zaune a kan turmi tana duba kowane guga. In ya aiko da rabi ta mayar masa. Ashe ya iya tonon, jikokina. Abin haushin ke nan, ya iya. Kwana da kwanaki yana ciki ana sauko masa da ɗan tuwo, har idon ruwa ya buɗe, ruwa ya taso ya kai masa wuya. Aka jawo shi ya fito siriri kamar ranar da ya zo. Bai tsaya karɓar rigarsa ba, ya faɗa wani rami a bayan gari. Shi ya sa har yau burgu ba ya haɗa ido da mutum.

Tasalla ta tayar da tukwanenta, warin daddawa ya sake cika unguwa, maƙwabta suka koma yi mata ƙorafi kamar da.

Amma da damina ta wuce, sai aka ga itatuwan da suka tallafe bakin rijiya sun ruɓe, ƙasa ta fara zubawa ciki. In ba a canja su ba, rijiya za ta rufta. Jaki ya bi gida gida. Shi kowa ya san shi, bai taɓa cin ƙwayar wani ba. Ya ce a ba shi tafi ɗaya na gero ya kai wa masassaƙa su saro sabbin itatuwa.

Gidan farko aka ce maigida ba ya nan, alhali ana jin tarinsa. Gida na biyu aka ce, “Haka wancan ma ya fara.” Gida na uku ba a ko amsa sallama ba.

Ya iso gidan Tasalla ya ce, “Inna, ke kin san ni.”

Ta ce, “Na san ka.”

Ta shiga ɗaki ta cusa hannu cikin gero. Ta daɗe a tsaye. Ta san Jaki ba zai ci ba, amma hannun ya ƙi damƙa. Ta fito da shi wayam.

Ta ce, “Ɗan nan, gero ba zai fita gidan nan ba. Amma ina da gatarin marigayi, ina da gammo. Wuce mu tafi.”

Su biyu suka shiga daji, ita da Jaki. Suka saro, suka jawo, suka gyara bakin rijiya, tsohuwa da jaki, rana na dukansu. Rijiya ta tsaya. Mutanen gari kuwa suna leƙe ta kan katanga, suna ce wa juna, “Ko me waɗannan biyun suke samu a ciki?”

To kun ji. Wanda aka ba amanar jama'a ya ci, ba hatsi kaɗai ya ɗauke ba. Hatsi ana sake nomawa da damina ɗaya. Yarda ce ba a samunta a kasuwa, na duba. Ku kuma in kun girma aka karɓi naku da sunan aiki, ku bi sawunsa da ƙafarku, ku taɓa da hannunku, kada kunya ta hana ku tambaya.

Ƙurunƙus kan burgu, jelarsa a rami. In akwai ƙarya a ciki ba ni na zuba ba, haka na sayo ta.