Dattijon da Ya Ci Burtali

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma waɗansunku da ke zaune a majami'ar nan sun ci tuwo a gidansa. Kirista ne, dattijon ikilisiya, mai furfura da sanyin murya. Gidajen masu bi a ƙauyen ba su kai goma ba. Sauran duk Musulmi ne, manoma da makiyaya.

Wannan ƙarancin ne ya zame masa daraja. Ba shi da dangi a ruga, ba ya cikin manyan gidajen manoma. In shanu suka yi ɓarna, ko aka yi cacar baki a bakin rijiya, mai gari sai ya ce a kira dattijon coci. In ya yi magana, an gama. Malam Mas'ud, limamin ƙauyen, ya sha faɗa a gaban jama'a cewa addininsu daban, amma bai taɓa kama mutumin nan da ƙarya ba. Har Dutsin-Ma ake gayyatarsa taron zaman lafiya. Ya miƙe da farar rigarsa, ya ce Almasihu ne ya koya masa tsayawa wa marar ƙarfi. A yi ta tafi.

To, gonarsa tana bakin burtali, hanyar da shanu ke bi su je mashaya. Gefe da gefen burtalin an dasa aguwa, ita ce iyaka. Kun san aguwa, ba ta da wuyar kamu. Ka sare reshe ka soka a ƙasa, shi ke nan ta kama.

Wata shekara, gab da faɗuwar damina, mutumin nan ya tumɓuke aguwarsa, ya matsa taku ɗaya cikin burtali, ya sake dasawa. Taku ɗaya tak! Me taku ɗaya zai rage wa saniya? Haka ya ce wa zuciyarsa. Shekara ta zagayo, ya ƙara wani takun. Maƙwabtansa ba makafi ba ne. Suka ce ai in dattijon coci ya yi, ba laifi ba ne, su ma suka bi sawu. Cikin shekara tara, hanyar da dā garke ke bi a sake ta tsuke, har shanu biyu ba su iya jerawa.

Akwai wani makiyayi, sunansa Ya'u. A rugar bayan ƙauyen aka haife shi, sa'an dattijon ne, tare suka yi wasan ƙasa. Ran nan da hantsi yana kora garkensa zuwa ruwa, shanu suka cushe a matsatsin, wani bijimi ya ture aguwa, sauran suka bi shi cikin waken wani manomi. Kafin a fitar da su sun tattake rabin gonar.

Aka taru a ƙofar gidan mai gari. Ya'u ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ɓarna shanuna sun yi, ban musa ba. Amma hanya ce aka cinye. A tambayi dattijo. Ubansa da ubana suka dasa aguwar nan. Abin da ya faɗa, na yarda."

Ya 'yan'uwa, kun ji? Mutumin da aka zalunta shi ya zaɓi azzalumin ya zama shaidarsa, don bai san wani mai gaskiya da ya fi shi ba.

Dattijo ya dubi manoman da ke zaune. Ya san in ya faɗi gaskiya, gonarsa za a fara yanka. Ya gyara murya ya ce, "Aguwa tana nan inda iyayenmu suka dasa ta."

Ya'u ya dube shi. Sannan ya ce, "To, Dattijo. Tunda kai ka faɗa."

Aka yanke cewa shanun Ya'u ba za su ƙara bin burtalin ba sai an kwashe amfanin gona. Wace saniya ce za ta jira kaka kafin ta sha ruwa? Kwana shida bayan nan Ya'u ya kwance bukkokinsa, ya ɗora wa jakuna kaya, ya bar ƙasar da ya binne iyayensa a cikinta.

Ranar Lahadi dattijo ya zo sujada, ya zauna a bencin gaba, shi ya yi addu'ar rufewa.

Yana tsammani ya sha. Abin da bai sani ba, wanda ka yi wa shaidar zur ya ci, shi ne farkon wanda zai daina yarda da kai. Manoman nan duk sun san ƙarya ya yi, ai tare suka matsar da aguwar. Suna gaishe shi, suna dariyarsa a bayan ido. Malam Mas'ud bai zage shi ba, ya dai daina ambatonsa.

Damina ta gaba waɗansu baƙin makiyaya suka biyo burtalin, kan hanyarsu ta zuwa arewa. Dā can Ya'u ke tarbar irinsu, ya faɗa musu inda za su bi da inda ba za su bi ba. Yanzu babu Ya'u. Shanu suka cushe a matsatsin nan, suka fantsama gonaki. Samarin ƙauye suka fito da gora da adda, cikinsu har da babban ɗan dattijon, magidanci mai 'ya'ya uku.

Dattijo ya sheƙo a guje, ya shiga tsakani, ya ɗaga hannuwa kamar yadda ya saba. Ya ce wa samarin, "Ku ajiye makamai, ni zan tsaya muku."

Wani ya ce, "Baba, matsa gefe. Mun san irin tsayawarka."

Ya juya ga makiyayan, ya ce su janye shanu, ya yi musu alkawarin adalci. Babbansu ya ce, "Ba kai ne shaidar Ya'u ba?"

Wayyo! Ranar da yake bukatar a yarda da kalma ɗaya daga bakinsa, babu wanda ya yarda. Aka kaure. Wurin ya matse, babu inda mutum zai kauce. Da ƙura ta lafa, mutum biyu ne a ƙasa, wani makiyayi da ɗan dattijon.

Ni na binne ɗan nan. Kuma bari in faɗa muku abin da ke ci mini rai. Shekara tara ina bin burtalin nan da babur, ina ganin yana tsukewa. Na sani. Amma duk godiyar kaka waken dattijon ne ya fi na kowa yawa a gaban bagadi, sai na ɗora hannu a kai na sa albarka, na yi shiru. Waken burtali na sa wa albarka, ni fastonku!

Daga baya dattijo ya bi tambaya har ya gano inda Ya'u ya koma. Ya faɗi a gabansa yana kuka. Ya'u ya ɗaga shi ya ce, "Na yafe maka tun ranar. Amma yafiyata ba za ta tada ɗanka ba." Ya ba shi nono ya sha, ya raka shi bakin hanya.

Yau dattijo yana nan zaune a zaurensa, jikoki uku marayu a gabansa. Babu mai kiransa sulhu. Mai gari kuwa bai ƙara cewa a kira kowa daga coci ba.

Ya 'yan'uwa a cikin Ubangiji, mu kaɗan ne a ƙasar nan. Ba mu da sarauta, ba mu da yawa. Abin da muke da shi kawai shi ne in mun yi magana a yarda. Ubangijinmu ya kira mu aikin sulhu, amma sulhu ba ya tsayawa a kan zalunci. Ba za ka yi wa'azin salama a Dutsin-Ma kana cin hanyar shanun maƙwabcinka a ƙauye ba. Kai da ke zaune nan, haƙƙin wa ka matsa? Na gwauruwar da ke maƙwabtaka da kai? Na ɗan ƙodagon da ya yini a gonarka? Ka mayar tun yau, tun maganarka tana da nauyi.

Ya Uba, ka gafarta wa wanda ya yi ƙarya, ka gafarta wa wanda ya gani ya yi shiru, ka ji ƙan marayun da muka jawo wa maraici. Allah ya kiyaye mu daga ranar da za mu faɗi gaskiya a ƙi yarda. Cikin sunan Yesu, amin.