Kuɗin Gonar Makaranta

Yau kwana arba'in da rasuwar Inna, amma in na tuna wannan sai na yi dariya ni kaɗai.

Ina aji shida hedimastanmu, Malam Ilu, ya ce duk wanda bai biya kuɗin gonar makaranta ba, ba zai zauna jarrabawa ba. Mu ke noman, shi ke kwashe gyaɗar. Inna ta yafa mayafinta mai ƙamshin daddawa, ta tasa ni gaba har ofishinsa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, gonar nan karatu ce?"

"A'a, baiwar Allah. Karatu kyauta ne. Wannan ƙari ne, shi ya sa ake biya."

"Madalla. Ashe ƙwadago yaron nan ya yi maka damina uku. Nawa ne ladansa?"

Malam Ilu ya gyara hula. "Wane irin ƙwadago? Darasin noma ne fa!"

"Au, darasi? Wanda ka ce kyauta ne?"

Ya kalli rufin ofis, ya kalle ni. "Ka zo Litinin da fensirinka."

A hanya ta kama hannuna, ta ce, "Da ya ƙara musu, wallahi har gyaɗar sai mun raba."

Allah ya jiƙan Inna.