Katangar Bayan Majami'a

Akwai wani mutum a wata ƙasa mai nisa, aikinsa tsaron tsohuwar majami'ar garinsu. Sufaye Kirista ne suka gina ta tun kaka da kakanni, manne da gidan da suke zama suna addu'a, suna noma abincinsu. Sufayen nan sun daɗe da ƙarewa, gidansu ya zama kango. Majami'ar kaɗai ta saura a hannun mutanen gari.

A cikin kangon akwai wata ƙatuwar katanga da ta jingina da bayan majami'ar, baƙa ƙirin, duk ƙadangaru da ciyawa. Mutumin nan ya tsani ganinta. Yana ƙaunar Haikalin Ubangiji, wannan kam ba a ƙwace masa ba, amma yana da son a yaba. Ya ji majami'ar garin maƙwabta tana da zaure mai kyau, tasu kuwa ƙofa ce tsirara. Abin ya tsaya masa a rai. Sai ya ce wa dattawa su bar shi ya kwashe duwatsun katangar ya gina zaure. Suka ce ai kango ba shi da mai shi, ya ɗiba.

Rani guda yana ciro dutse daga baya yana kaiwa gaba. Kafin damina ta kankama zaure ya tsaya, gwanin kyau, sai wanda ya gani.

Ran Lahadin da za a keɓe zauren, aka kwana ana ruwa, gari ya waye garau. Jama'a suka cika fili, ba wanda ya shiga ciki tukuna, kowa yana shafa duwatsu yana sa masa albarka. Mutumin, baki har kunne, ya kama igiyar ƙararrawa ya ja da ƙarfinsa.

Ƙasa ta girgiza. Bangon baya ya rufta ciki, daidai inda yara kan zauna, rufin ya bi shi. Ƙura ta turnuƙe. Iyaye suka dinga lalubar 'ya'yansu suna kiran sunaye, ko kuka an kasa. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Mutumin ya sandare da igiya a hannu. Ashe ba katangar ce ta jingina da majami'a ba, majami'ar ce ta jingina da katangar. Wani dattijo ya tambaya cikin kiɗima, wane maƙiyi ne ya yi musu haka.

Ya ce, "Baba, ba maƙiyi ba ne. Ni ne, da hannuna, kullum ina waƙar yabo."

Zauren kuwa ko tsagewa bai yi ba. In ka shiga ta cikinsa, sai ka fita kan tarin ƙasa.

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Majami'ar ita ce bangaskiyarku. Katangar baya ita ce addu'ar ɓoye, da tuba, da karatun Maganar Allah, abubuwan da na gabanmu suka bar mana, waɗanda ba mai gani balle ya tafa muku. Zauren shi ne hidimar da ake yi a idon jama'a. Hidima ba laifi ba ce, amma garin neman gira akan rasa ido. Kai da ka bar addu'ar asuba don ka gaji da aikin ikkilisiya, ke da kika daina neman gafara don ana yabon muryarki, dutse kuke cirowa daga baya. Ku mayar da shi yau, tun bangon yana tsaye.